Na Je Abidjan Ɗauko Sauran Rashida

Tun da na dawo daga Abidjan abokaina na fada, inda muke zaman hira, ba su bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya tambayi girman teku, wancan ya tambayi ko gaskiya ne rogo ake ci safe da yamma. Nakan ba su abin da ya sauƙaƙa, in yi shiru. Sun san ba fatauci ne ya kai ni ba, amma kunya ta hana su tambayar ainihin dalilin, ni kuma bakina ba ya iya ɗaukarsa a gaban jama'a. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya. Ni mai sayar da hatsi ne a Maraɗi, karatuna bai yi nisa ba. Inda na kuskure maganar likitoci, kuskuren nawa ne.

'Yata Rashida ta rasu bara tana da shekara huɗu. Ita ce autarmu, kuma ita kaɗai ce mace. Mahaifiyarta Mariyama ce ta fara jin abin wata rana tana yi mata wanka, wani tauri a gefen cikinta. Aka tura mu babban asibiti, aka ce ciwon daji ne na ƙoda, irin wanda yake kama ƙananan yara, kuma da yawansu suna warkewa idan an dace da magani. Rashida ba ta ƙi asibiti ba, domin cike yake da yara. Tun tana rarrafe ba ta son zama ita kaɗai. Ko ƙarin ruwa aka sa mata, sai ta matsa a kai ta gadon wata yarinya su ci abinci tare.

Aka yi mata magani na wasu makonni, sannan aka yi aiki aka cire ƙodar, aka kai ta ɗakin bincike. Likita ya faɗa mana cewa abin da masu binciken suka rubuta shi zai nuna masa maganin da zai ci gaba da shi, mai sauƙi ko mai ƙarfi. Da takardar ta zo, na ga ya karanta, ya juya bayanta ko akwai ƙari. Babu. Sunan ciwon kawai aka rubuta, shi kuwa ya riga ya san sunan. Ya zaɓi magani na tsaka-tsaki. Bayan wasu watanni ciwon ya dawo. A lokacin ne ya ba da shawara a aika abin da aka ajiye na ƙodar zuwa wurin wata likita da ya sani a Abidjan, ta sake dubawa. Yayan Mariyama, Alhaji Lawali, yana kasuwanci a can tun yana saurayi, kuma ya zo gida dubiya, sai ya tafi da ƙunshin a jakarsa. Kafin amsa ta yi wani amfani, Allah ya karɓi abarsa.

Bayan sadakar arba'in, wata safiya ina shirin fita kasuwa, Mariyama ta ce, "Malam, ba mu binne ta duka ba."

Na gane abin da take nufi. A wurinmu ko yatsa aka yanke wa mutum, naɗe shi ake yi a haƙa rami a rufe. Ta ce ita da idonta ta ga an binne cibiyar yarinyar nan a bayan ɗaki, yaya za ta kwanta alhali ƙodarta tana kan kantar baƙi a ƙasar da ba wanda ya san ta? Ba kuka take yi ba. Da kuka ne da ya fi mini sauƙi. Abinci ne ta rage ci, barci ya ƙaurace mata, ta fara zama a ƙofar ɗaki tana kallon wuri ɗaya. Na lallashe ta har na gaji da jin muryata. Daga ƙarshe na samu wanda zai riƙe mini rumfa, na ce zan je.

Ranar tafiya ta ɗauko wata samira mai murfi daga kayan aurenta, wadda ba a taɓa zuba abinci a ciki ba. Mun yi shawara a kan girman ƙodar, muka kwatanta da ƙodar rago, muka ƙara saboda kumburin. Ta shimfiɗa ragowar ƙyallen likkafanin a ciki, ta shafa masa turare. Ta ce in yi mata alkawari duka zan kawo, kada in bar ko kaɗan. Na yi mata.

Daga Maraɗi zuwa Dosso ba abin da zan faɗa, hanyarmu ce. A Dosso wata dattijuwa ta shigo ta zauna kusa da ni, Hajiya Indo, 'yar Dogonduci, da buhunan tattasai da ƙunshin kilishi za ta kai wa ɗanta a Abidjan. Ta saba da hanyar kamar tsakar gidanta. Ba mu yi nisa ba ta dubi samirar da ke kan cinyata ta ce tun da ta shigo ina rungume da kwanon nan kamar jariri, ban ko ce mata bisimilla ba, ko mutanen Maraɗi sun daina tayi ne? Na yi murmushi na ce babu kome a ciki. Ta ce to wannan ya fi muni.

A Gaya gada a rufe take, sai a kwalekwale ake tsallaka kogi. Aka loda mu da kaya har bakin jirgin yana shafar ruwa. Muna tsakiya sai ruwa ya fara shigowa ta ƙasa, ya jiƙa mana ƙafafu. Mai tuƙin ya duba bai ga robar da yake kwarfe ruwa da ita ba, sai ya miƙo hannu ga samirata. Na riƙe. Ya sake miƙowa, na ce a'a. Mutane suka fara surutu, wani ya ce yau ga wanda ya fi son kwanonsa da ransa. Na ƙara rungume samirar. Hajiya Indo ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta zazzage goronta a gefen zane ta miƙa wa mai jirgin robar.

Da muka hau tudu a Malanville ta jawo ni gefe ta tambaye ni a hankali. Na faɗa mata a taƙaice. Ba ta ce kome ba sai "Allah ya sa mai ceto ce." Daga nan har Abidjan ta mai da ni ɗanta. Ita ke riƙe mini wuri a mota, ita ke faɗa mini abin da zan ci da wanda zan bari.

Mun ratsa Benin daga sama har ƙasa, muka kwana a tashar Lome kan tabarmi, a nan na fara jin ƙarar teku kafin in gan shi. Ni da hatsi ne sana'ata, duk inda mota ta tsaya idona yana kan ma'auni. Mu da tiya muke awo. A wata kasuwar na ga kwano mai faɗi, a wata gwangwani, a wata kuma sikeli. Na ce a raina, da za ka aiki mutum daga Maraɗi ka ce ya sayo maka awo goma na masara a nan, da shi da kai sai kun yi rigima, kuma ba wanda ya yi ƙarya.

Iyakoki kuwa, kowace da halinta. A sauka, a yi layi, a nuna katin rigakafi, a buɗe kaya. Kuma kowane ma'aikaci sai ya buɗe samirar. Wani ya ɗaga ƙyallen ya leƙa ƙasansa, wani ya ƙwanƙwasa gindin kwanon ko akwai ɓoyayyen wuri. A iyakar Ghana wani ƙato ya buɗe, ƙamshin turaren ya buge shi, ya ga farin ƙyalle a naɗe, sai ya mai da murfin da sauri ya ja da baya, ya yi mini alama in wuce. Ya ɗauka asiri ne. Hajiya Indo ta ce da ta san haka da tun Gaya ta zuba kilishinta a ciki, da ba wanda ya ɗanɗana mata. Na yi dariya, kuma ita ce dariyata ta farko tun rasuwar. Na ji kunyarta daga baya, amma na yi.

Mun shiga Abidjan da hantsi, ana yayyafi. Tashar Adjamé ba tasha ba ce, gari ne. Ƙananan motocin da suke kira gbaka suna shiga suna fita, masu kiran fasinja a rataye a ƙofa suna ihu, mata da kaya a ka suna ratsawa ba wanda ya taɓa wani. Na yi sallama da Hajiya Indo, ta damƙa mini kilishi ta ce na Mariyama ne, kada in kuskura in ci. Alhaji Lawali ya same ni ina tsaye riƙe da samira. Mutum ne mai jiki da fara'a, Hausarsa ta gauraya da Faransanci har sai ka saurara da kyau. Ya rungume ni, sannan ya dubi abin da ke hannuna ya ce, "Malam Isa, wannan kwanon ya yi girma." Na tambaye shi me yake nufi, ya ce mu je gida tukuna.

Gidansa yana Bromakoté, cikin wani babban tsakar gida da ƙabilu da yawa suke zaune, famfo ɗaya, kowa da murhunsa a ƙofar ɗaki. 'Ya'yansa suka gaishe ni da "Tonton", wato kawu, Hausarsu tana tuntuɓe, uwarsu tana gyara musu. Kafin la'asar duk gidan sun san wane ne ni. Suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, Musulmi da Kirista, kowa ya kama hannuna ya ce "yako". Alhaji ya ce ita ce sannunsu, ita ce ta'aziyyarsu, ko tuntuɓe ka yi ita za a ce maka, ko uwarka ce ta mutu. Da farko na ga kalmar ta yi gajarta ga mutuwa. Daga baya na ga ta isa.

Cikin masu zuwa akwai wata maƙwabciya Kirista, ita ma tana cikin makoki. Mahaifiyarta ta rasu makonni da suka wuce, amma har lokacin ba a binne ta ba. Tana ɗakin sanyi ana jiran dangi su taru daga nesa, an ɗinka anko, ana shirin abinci. Na yi mamaki har ya fito a fuskata. Da Alhaji ya gaya mata cewa mu Rashida ta cika da asuba, kafin azahar mun dawo daga maƙabarta, sai mamakinta ya fi nawa. Ta ce to yaushe uwar ta yi bankwana? Ban canza ra'ayi a kan tamu al'adar ba, amma na kwana ina juya tambayarta.

Abinci kuwa, gaskiya ne rogo ne. Suna barza shi su turara, su kira shi aceke, a ci da soyayyen kifi da albasa da barkono. Akwai wanda ake sayarwa a rumfunan bakin titi da suke kira garba, kuma masu sayar da shi yawanci mutanenmu ne. Wanda Alhaji ya kai ni wurinsa ɗan Tasawa ne, da ya ji daga Maraɗi nake sai ya ƙara mini kifi ya hau tambayar ko an yi ruwa a gida. Aceken yana da ɗan tsami, kwana biyu cikina yana gardama da shi, daga baya suka shirya.

Ranar da asibitin likitar ya ce mu zo, muka ɗauki mota muka tsallaka gada zuwa Treichville. A ƙofar asibitin Alhaji ya yi wa mai gadi bayani cewa mun zo karɓar abin da ya rage na yarinyar da ta rasu, shi kuwa ya nuna mana hanyar ɗakin ajiye gawa. Sai da muka isa muka ga masu makoki a zaune muka gane, muka juyo. Ɗakin binciken yana can baya, wuri mai sanyi da warin magani.

Likitar mace ce mai furfura, da tabarau a rataye a wuya. Da Alhaji ya ce ga mahaifin yarinyar Maraɗi, sai ta miƙe tsaye ta ce, "Rashida." Ba ta duba takarda ba. Ta ce mini yako, ta ba mu kujeru, ta fita ta dawo da wani ɗan kwali da bai kai na sabulu biyu ba. Ta buɗe. A ciki akwai 'yan dunƙule kaɗan na kakin kyandir, kowanne bai fi dunƙulen magi girma ba, da ɗan abu mai launin ƙasa a tsakiyarsa. Gefe kuma ga wasu siraran gilasai.

Na dubi kwalin, na dubi samirata. Na tura ta ƙarƙashin kujera da ƙafa. Likitar ta gani ta tambaya, Alhaji ya yi mata bayani da Faransanci, ina jin muryarsa tana raguwa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ƙodar gaba ɗaya ba ta taɓa zuwa Abidjan ba. Haka aikin yake ko'ina: a yanki 'yan gutsattsari a daskarar da su cikin kaki domin kada su lalace, sauran kuma asibiti ya kawar da shi bayan ɗan lokaci. Wannan da ke gabana shi ne duk abin da ya rage. Na yi salati a zuciyata, na ce to.

Ta tambaye ni ko ina so in gani. Ta ɗora gilashi ɗaya a ƙarƙashin madubin nan nasu mai girmama ƙananan abubuwa, ta gyara mini. Na sa ido. Ban san abin da na zata ba, amma ba wannan ba. Ruwan hoda ne da shuɗi mai duhu, zane-zane kamar atamfa, har da kyau. Ta nuna mini 'yan ƙwayoyi ƙanana masu kama da juna, ta ce waɗannan su ne ciwon da aka saba gani, magani yana cin su. Sai ta canza gilashi. A nan akwai wasu manya, baƙaƙe, marasa siffa. Ta ce waɗannan masu taurin kai ne, kuma a dunƙule ɗaya kawai ta same su.

Alhaji yana fassarawa a hankali, ni ma ina tsintar abin da lakwal, wato makarantar boko, ta bar mini na Faransanci. Ta ce idan masu taurin kan nan a wuri ɗaya suke a tsakiyar ciwon, kuma an cire su duka, maganin da aka ba Rashida daidai ne. Idan kuwa a bakin ciwon suke, inda wuƙa ta bi, ko sun watsu, to mai ƙarfi ya kamata. Amma ba a rubuta daga ina aka yanko kowane gutsure ba. Ba a shafa wa gefen ƙodar tawada kafin a yanka ba, yadda za a gane baki da tsakiya. Ba a faɗi ko an duba kaluluwar da ke kusa ba. Ta ce kada in ɗauka wani ya yi sakaci da gangan. Kowane ɗakin bincike da yadda aka koya masa, wani ya cika shafi, wani ya rubuta suna ya sa hannu, kuma kowa yana ganin ya yi aikinsa.

Na tattara ƙarfina na yi tambayar da na ɗauko tun daga Maraɗi ba tare da na gaya wa kowa ba. Na ce da an rubuta duk wannan, da ta rayu?

Ta cire tabarau ta ce, "Ban sani ba. Rai ba a hannunmu yake ba. Abin da na sani, da likitanta bai yi zato ba. Kuma ni ma da yanzu ina da amsar da zan ba ka, ba wannan ba."

Sai ta ce akwai abin da take so ta roƙe ni, kuma ina da ikon in ƙi. Su likitocin bincike na ƙasashe da dama sun haɗa kai suna son su daidaita yadda ake rubuta sakamakon wannan ciwon, ya zama akwai tambayoyin da dole kowace takarda ta amsa, ko a wane gari aka rubuta ta: wane iri ne, ina ya tsaya, ya kai baki ko bai kai ba, an duba kaluluwa ko ba a duba ba, daga ina aka yanko kowane gutsure. Yadda suke yi, sai a ba kowa gilashi iri ɗaya ya duba ya rubuta, sannan a kwatanta. Ta ce dunƙulen nan ɗaya na Rashida, in na yarda, zai nuna musu abin da baki ba zai iya ba, domin duk wanda ya dube shi dole ya tsaya ya ce, daga ina aka yanko wannan? Kuma babu amsa. Wanda ya taɓa tsayawa haka, in ji ta, ba zai sake mantawa ya rubuta ba. Sauran dunƙulen in tafi da su. Wannan ɗaya take roƙo. Ba za a sa sunanta ba, lamba kawai.

Na ce wa Alhaji da Hausa, wato tiya ɗaya suke so a yi wa kowace kasuwa. Ta tambayi abin da na ce, ya fassara, ta gyaɗa kai. Na ce mata na ji, amma na yi wa uwar yarinyar alkawari. Ta ce ta fahimta, in je in yi tunani, kwalin yana nan. Da ta tashi mai da shi na bi ta da ido. Ta jawo wata durowa doguwa, cike da irin waɗannan dunƙulen a jere, ƙasanta wata, ƙasanta wata. Na tambayi na su wane ne. Ta ce wannan layin duk na yara ne, daga nan da ƙasashen maƙwabta.

A hanya Alhaji ya so ya sauƙaƙa mini, ya ce yarinyar da ba ta shiga lakwal ba ga shi za ta karantar da likitoci.

Da yamma na kira Mariyama. Na gaya mata kome yadda yake, girman dunƙulen, da sauran ƙodar da babu, da roƙon likitar. Sannan ta ce, "Ka yi mini alkawari." Na ce na yi, kuma zan cika, abin da na gani kawai nake faɗa mata. Ta kashe wayar.

Kwanakin da suka biyo baya na yi su a shagon takalman Alhaji cikin kasuwar Adjamé, ina zaune ina kallon ƙafafun mutane. Ban koma Treichville ba, ban kuma sayi tikitin gida ba. Ranar Juma'a bayan an sallame na samu wani malami dattijo, mutumin Tawa da ya tsufa a can, na ba shi labarin. Ya ce binne abin da aka yanke daga jikin mutum abu ne mai kyau in ya samu, amma barinsa saboda amfanin masu rai ba zai cutar da yarinyar da kome ba, Wanda zai tara ƙasusuwa ya san hanyar durowa. Sai ya ƙara da cewa alkawarin da ke tsakanina da matata kuwa, ba shi zai warware shi ba, ba ni ba. Ita ce.

Na yanke a raina cewa in ba ta ce kome ba zuwa farkon mako, zan je in karɓo duka in tafi gida. Ina ganin amfanin abin da likitar ta faɗa, amma matata nake da ita, ba likitocin ƙasashe ba.

Da safiyar Lahadi ina shan koko a ƙofar ɗaki, maƙwabta Kirista suna fita coci da kwalliya, sai ga wayarta. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Malam, inda suka ajiye ta, yaya wurin yake?"

Na ce da tsabta, da sanyi, a cikin durowa.

"Ita kaɗai?"

Na ce a'a. Na ce durowar cike take, a jere suke gefe da gefe, kuma likitar ta ce duk yara ne.

Can ta ce, "Ni abin da ke hana ni barci, ina ganinta ita kaɗai a kan kanta, cikin manya, ba mai jin Hausa." Sannan ta ce, "To bar wannan ɗayan cikin yara. Ka kawo mini sauran. Amma a raba ƙyallen, kada ka bar ta ba sutura."

Na koma Treichville da samirata, wannan karon ban ɓoye ta ba. Likitar ta sa na sa hannu a takardar yarda, bayan Alhaji ya karanta mini ita duka. Na gaya mata maganar ƙyallen, ina tsoron ta ce dokarsu ta hana. Ta ɗauko almakashi ta miƙo mini. Na yanki ɗan siriri, ta naɗe dunƙulen da shi da hannunta yadda lambar za ta fito, ta mai da shi gurbinsa, ta rufe durowar a hankali. Sauran na naɗe su cikin ragowar ƙyallen na sa a samira. Suna ƙasa can, kwanon kusan wayam.

Dawowa ta fi zuwa sauƙi, sai dai ta fi shiru don babu Hajiya Indo. Na riƙa kare samirar daga rana saboda kada kakin ya narke, ko da yake rami za shi. A kogin Gaya na hau jirgin da ba ya yoyo.

Na isa Maraɗi da la'asar. Mariyama ta karɓi samirar da hannu biyu ta shiga ɗaki, ta daɗe, ban bi ta ba. Da ta fito ta miƙo mini ƙunshin, na kira 'ya'yana maza muka tafi maƙabarta, muka haƙa ɗan rami a gefen kabarin muka rufe, muka yi addu'a.

Da na dawo na tarar ta wanke samirar ta kife, tana zaune tana cin kilishin Hajiya Indo kaɗan kaɗan. Rabon da in ga tana cin wani abu ba tare da an matsa mata ba, na manta. Na zauna kusa da ita. Ba ta tambaye ni teku ba, ba ta tambaye ni rogo ba. Ta ce, "Yaran nan na durowa, da yawa ne?"

Na ce da yawa.

Ta ce, "To daga yau in za ka yi mata addu'a, ka haɗa da su."